Hanifa, Wadda Ta Hana A Sa Wa Innarta Mari

Da sassafe Hanifa ke hura wuta ta ɗora tukunyar turara shinkafa a lungunmu na Argungu. Shinkafar ba tata ba ce, ƙodago take yi wa 'yan kasuwa. In ta shanya, sai ta sallami ƙannenta uku zuwa makaranta, ta zauna gaban innarta Laure, wadda ta haife su, da ƙwayar magani a tafin hannu, ta yi ta lallashi har ta haɗiye. Shekara biyar ke nan, tun tana 'yar sha shida.

Ni maƙwabciyarsu ce, a idona aka yi komai, kuma har yau raina a ɓace yake. Mahaifinsu na rasuwa taɓin hankali ya kama Laure. Dangin da suka cika gida ranar sadakar bakwai ko ƙeyarsu ba a sake gani ba, sai ranar da kawunsu Maigandi ya zo da mota da ƙarti biyu. Wai za a kai ta gidan wani mai magani a sa mata mari a ƙafa, yaran kuma a rarraba su.

Hanifa ta tare bakin ƙofa. "Kawu, ka yi haƙuri, ba ni bari. Inna ba akuya ba ce. In ɗaure ta za a yi, a ɗaure mu tare."

Ya kira ta marar kunya, ya yi gaba. Mu kuwa muna leƙe ta katanga, ba wanda ya fito ya taya ta, har da ni. Kunyar nan ba ta sake ni ba.

Ke ce, Hanifa, garkuwar Laure, kike riƙe ta a motar haya duk wata zuwa asibiti a Birnin Kebbi, fasinjoji na matsawa gefe. Ke ce kika ajiye karatu don ƙanenki Sunusi da na bayansa su ci gaba. Yara na bin ku da "'ya'yan mahaukaciya", iyayensu na ji suna dariya.

Makon jiya Laure ta je kasuwa da ƙafarta, ta sayo kifi, ta dawo tana gaisawa da mutane. Sai na ji wasu mata na cewa addu'ar dangi ce ta kama ta. Wane dangi?

Mun gode, Hanifa, Allah ya yi miki albarka. Ku kuma 'yan unguwa, ku daina tsayawa a "Allah ya ba da lada". Ku shiga gidan, ku wuni da Laure. Yarinyar nan na son komawa aji, ba ta da wanda za ta bar wa innarta ne kawai.