Ƙaiƙayin da Inna ta ɓoye wata biyar

Shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta yi tana wanki a wani otal da ke bayan tasha. Bayan rasuwar mahaifinmu ta kama aikin, kuma tun daga lokacin mutanen layinmu suka samu abin faɗa: bazawara da sauran ƙarfinta, kullum sai ta shiga otal. Ita kuwa ko matakalar benen ba ta taɓa takawa ba. Ɗakin wankin can baya yake, kusa da janareta, taga ɗaya, baho uku. Daga safe har la'asar tana durƙushe kan zannuwan gado da tawul, zaninta sharkaf daga ƙugu zuwa gwiwa. Kowa Inna yake ce mata, har manaja.

Tana da shekara hamsin da uku ƙaiƙayi ya kama ta a gaba, da wani farin abu mai kauri da ke fita. Ban sani ba sai daga baya. Abin da na gani kawai shi ne ta daina zama wuri ɗaya, kuma ta fara wanke kamfanta da kanta ta shanya a bayan ƙofa.

A tunaninta irin wannan cuta wajen namiji ake ɗauko ta. Ta san ba ta yi komai ba, amma wa zai yarda? Mai kemis ɗin unguwa surukin maƙwabciyarmu ne. Sai ta fara da ruwan zafi da gishiri, ta zauna a ciki har ya huce. Ya lafa kwana biyu, ya dawo.

Ta tambayi mai guga, abokiyar aikinta, ta ce wai wata 'yar'uwarta ce ke fama. Mai guga ta ce a ɓare tafarnuwa a cusa. Ta cusa, ta yini tana cizon leɓe kan baho. Wata ta ce kanumfari, wata ta ce alif, wata ta ce ruwan lemon tsami. Duk wanda aka faɗa sai ta gwada. Wurin ya kumbura, ya tsage, fitsari ya zama azaba, ga shi a lokacin sai ta zaga sau goma a yini. Ta kan ɓuya bayan zannuwan da ta shanya ta sosa har farcenta ya yi jini.

Wata rana ta dubi jarkar bilic da take cire tabo da shi. Ta ce a ranta, abin da ke kashe dattin mutum ɗari ai zai kashe wannan. Ta zuba murfi ɗaya a buta, ta wanke wurin da shi.

Da la'asar na dawo daga shago na tarar da ita a banɗaki, ta dafa bango.

"Inna, lafiya? Me ya same ki?"

"Rufe ƙofar."

Na rufe. Ta ɗaga zanin kaɗan, na ga cinyoyinta sun saluɓe. Ban san lokacin da na yi salati ba.

"Wallahi tun da babanku ya rasu ko hannuna namiji bai riƙe ba," ta ce. "Ki yarda da ni, ke kaɗai ma ya isa."

"Haba Inna! Wa ya ce kin yi wani abu? Tashi mu tafi asibiti."

"A gan ni a layin masu wannan cuta? Gara na mutu a ɗakina."

Sai da na durƙusa ina kuka kafin ta sa mayafi. Can wata unguwa mai nisa na kai ta, inda babu wanda ya san fuskarta. Nas ɗin da ta duba ta ta ce, "Mama, wannan ba cutar kwanciya da namiji ba ce. Ko yarinya tana yin ta. Damshi da zafi ke tayar da ita. Amma me kika zuba a wurin nan?"

Da Inna ta lissafa, nas ta riƙe baki. Ta tambaye ta ko tana yawan jin ƙishirwa, ta tsikari ɗan yatsanta, ta duba jinin. Ciwon suga ne, ya yi nisa, shi ya sa ƙaiƙayin ya ƙi tafiya.

Ƙaiƙayin kansa cikin mako ɗaya magani ya kashe shi. Ƙunar bilic ce ta kwantar da ita wata guda, saboda mai suga ciwonsa ba ya saurin warkewa. Kafin ta miƙe an ɗauki wata a wajen wankin. Manaja ya tausaya ya ba ta ninkin kaya, kwana uku a mako.

Yanzu ni nake yi mata allurar ciwon suga kowace safiya kafin na fita. Har yau kau da kai take yi idan na ɗauko sirinjin.