Buhun Takalman Goggo Hassi

Goggo Hassi ba ta taɓa ƙirga yara da kai ba, da takalmi take ƙirga su. Ku da kuka sha kai marayu bakin gulbi tare da ita kun san buhun nan, jan buhun albasa mai raga, wanda ta taho da shi daga Aliero tun tafiyarmu ta farko, ta kuma ƙi sauya shi har Allah Ya karɓi abinsa. Da mota ta tsaya a bakin yashi sai ta tare ƙofa da shi. Duk yaron da zai sauka sai ya tuɓe takalmi ya jefa ciki, ba ya sake ganin su sai ya fito daga ruwa ya zo gabanta da ƙafafunsa. Yara su yi ta tsalle suna cewa yashi da zafi, ita kuwa ta ce, "To ku yi sauri mana!" Bayan mun dawo, sati guda ake yi gidan marayu na warin albasa.

Ni 'yar ƙanenta ce, kuma ita ta jawo ni cikin wannan wahala. Wahala na ce, ba zan janye ba. Kowace shekara, idan an gama cire albasa, ruwan gulbi ya ja baya, yashi ya fito kusa da Jega, sai mu 'yan sa kai mu fara: neman mota, neman izini, dafa abincin yara talatin, bin gida-gida a Aliero da Maiyama don ɗauko marayun da ke hannun dangi. Shugabar gidan marayun tun farko ta gindaya mana sharaɗi, ta ce ranar da yaro ɗaya ya ƙware da ruwa, ranar an rufe tafiyar har abada. Shekara da shekaru ina zuwa gulbi, ban taɓa kallon gulbin ba, kawunan yara nake kallo. Da Goggo ta rasu bara, na ce a raina shi ke nan, bana ba da ni ba. Kuma na san in na janye, babu mai ɗauka.

Amma kai, Goggo! Kun tuna iyakarta? Kafin kowa ya taɓa ruwa, sai ta tattare zane ta shiga da sandarta, ta yi ta tafiya har ruwa ya kai mata gwiwa, sai ta kafa sandar ta tsaya. Nan ne ƙarshen duniya. Matsalar ita ce Goggo gajera ce, gwiwarta kuwa kusa da ƙasa take. Wata shekara manyan yaran suka turo wakili.

"Goggo, don Allah ki ƙara gaba kaɗan. Wurin ga ko kaza ba ta nutsewa."

"Awo, shi ya sa niz zaɓe shi. Kai ka hi kaza wayo?"

"Goggo, mun iya ruwa fa."

"Wanda duk yaw wuce sandag ga, ya wuce dambu."

Ba wanda ya wuce. Dambun Goggo ba abin wasa ba ne.

Sai maganar albasa. A wurin Goggo babu ciwon da albasa ba ta yi. Yaro ya ce mota na sa shi amai, ta ɓare albasa ta kanga masa a hanci. Kunama ta harbi wani, albasa. Ni da kaina na ce mata gwiwoyina sun gaji da wannan aiki, ta ce in dinga ci da safe. Wata rana motarmu ta mutu tsakanin Maiyama da Jega, rana tsaka, yara na kuka, ni ma kukan nake son yi. Direba ya buɗe gaban mota, hayaƙi na tashi. Sai ga Goggo ta sauko tana ɓare albasa.

Direba ya ce, "Haba Hajiya! Mota ba ta shaƙar albasa."

Ta ce, "Wa yac ce ta mota ta? Taka ta. Kai na ga ka hi ta jigata."

Ya karɓa ya cinye, ya koma ya taɓa wata waya, mota ta tashi. Daga ranar ba mu ƙara samun bakin yi mata gardama ba, abin da ya fi komai gajiyar da ni ke nan.

Wata shekara wani malamin jami'a ya shigo cikinmu, Malam Bashar, mutumin kirki, mai son tsari. Ya ga buhu ya girgiza kai, ya ce yanzu an ci gaba, ya rubuta sunayen yara duka a wayarsa, zai kira ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta ce ya kira, amma ya fara tuɓe nasa takalmin. Ya yi dariya. Ba ta yi ba. Haka ya wuni a yashi da safa, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe.

Da la'asar ya tara yara a mota ya kira suna, kowane suna aka amsa, "Na'am!" Ya ce wa direba a tafi. Goggo ta zauna a ƙasa gaban motar, ta zazzage buhu.

"Ba inda za mu. Ga takalmin Nana, ina Nana?"

"Ai ta amsa, Hajiya."

"Ta amsa da baki. Ni ƙahwa nika nema."

Ashe ƙawarta ce ta amsa mata, wai kada a yi mata faɗa. Ba zan manta da wannan gudun ba. Na yi gabas ina kiran Nana, Malam Bashar ya yi yamma da safarsa, zuciyata na cewa shi ke nan, mun kashe 'yar mutane. Can muka same ta cikin kwalekwalen wani masunci da aka jawo kan tudu, ta lulluɓa da komarsa ta kamun kifi tana sharar barci. Goggo ba ta daki kowa ba. Ta sa wa Nana takalmanta da hannunta, sannan ta miƙa wa Malam Bashar nasa, ta ce, "Ungo. Kai ma ka dawo."

Akwai abu guda da duk muka ɗauka cikin rigimarta ne. Kullum in an gama rabon takalma, sai a ga wasu 'yan ƙanana na roba, shuɗinsu ya koɗe, sun rage a gindin buhu. Duk sabon ɗan sa kai sai ya firgita ya ce, "Goggo, saura guda!" Ita kuwa ta ɗaure bakin buhu ta ce, "Bar su nan. Mai su bai taho ba tukuna." Mu yi dariya, mu ce Goggo ta tsinci takalmi a kasuwa ta ƙi yarwa.

Makon jiya na ɗauko buhun don in kai wa sauran 'yan sa kai in ce su nemi wata ta gaji Goggo. Ina kakkaɓe shi a tsakar gida sai 'yan takalman suka faɗo. Babana yana zaune a tabarma, ya daɗe yana kallon su.

Ya ce, "Na Ummaru na."

Na ce, "Wane Ummaru, Baba?"

"Ɗan Goggonki. Ba a haihe ki ba lokacin. Ya yi ta roƙo a kai shi gulbi, anka hana shi, sai yat tahi shi kaɗai. Da munka bi sawu, su kaɗai munka iske bisa yashi, an jera su da kyau."

Na zauna a ƙasa. Sai na tuna abin da takan gaya mini duk shekarar da na ce na gaji: "Luba, in ba mu kai su ba, su za su kai kansu, kuma ba mai tsaron takalmansu." Na sha jin maganar nan har ta gundure ni, ban taɓa tambayarta dalili ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

To, na mayar da takalman gindin buhu. Har yanzu a gajiye nake, gwiwoyina na nan yadda suke, albasa ba ta yi musu komai ba. Amma ranar Asabar mota za ta tashi da hantsi, kowa ya zo da takalmin da zai iya tuɓewa. Yaran sun fara murna wai na fi Goggo tsawo, za su samu ƙarin ruwa. Su daina murna, inda ta kafa sanda nan zan kafa.

Allah Ya jiƙan Goggo Hassi, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta. Ta mayar wa 'ya'yan mutane takalmansu shekara da shekaru, ba ta rasa ko ɗaya ba. Ya Allah, Ka sa ta iske mai 'yan takalman nan yana jiran ta.