Kawu Ɗanjuma da Kaset Ɗinsa Guda

Duk wanda ya zauna a unguwar Manfuha ta birnin Riyad ya san Kawu Ɗanjuma direba, ƙanin mahaifiyata, da asuwakinsa. Kowa goge baki yake da nasa, shi kuwa jita yake kaɗawa da shi! Da ya tada mota sai ya danna kaset ɗinsa guda tilo, kiɗan rok na wasu Turawa masu dogon gashi 'yan zamanin da, ya kafa asuwaki a ƙirji yana karta.

Turanci fa ba ya ji. Amma in ka tambaye shi me mawaƙin ke faɗa, sai ya ce, "Cewa yake ƙafarsa na ciwo, kuma matarsa ko a jikinta."

"Kawu, ba haka ya ce ba."

"Kai ka san shi? Ni tun ba a haife ka ba muke tare!"

Ranar da kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya ba shi sabuwar mota dal, ya leƙa ciki ya fito.

"Ina wurin kaset?"

Balaraben ya ce da Larabci, "Mafi kaset," wato babu kaset.

"To, mafi direba."

Wallahi sai da aka mayar masa da akwalarsa.

Wata Juma'a muna dawowa daga unguwar Dira, na ce masa wasu mawaƙan zamani sun taru sun sake rera waƙoƙin nan duka don karrama masu su. Na kunna masa a wayata. Kai, ina ma ban yi ba!

"Wannan mai gangar bai karya kumallo ba. Wuce."

Ta biyu: "Waƙa yake ko cigiya? Wuce."

Ta uku ko kallon wayar bai yi ba. "A kai shi asibitinku, ɗana, ku duba shi."

Sai ga ta ƙarshe. Wata mace ce ta rera ta a hankali, da jita kawai. Kawu ya gangara gefen titi ya tsaya. Na jira zagi.

Can ya ce, "A Kaduna na fara jin wannan, a shagon yayana. Ruwa na dukan kwano, muna gasa masara." Ya share fuska da hula. "Sanyin motar nan ne ke sa ni hawaye."

"Kawu, ai na'urar sanyin ta mutu tun bara."

"Rufe min baki, ka sake kunnawa."

Ya ce da damina zai je gida, ya zauna a ƙarƙashin kwano ya ji ruwa. Kafin hutunsa ya zo aka kira ni ina wurin aiki, aka ce ya rasu. A nan Riyad muka binne shi.

Jiya na kunna waƙoƙin a hanyar asibiti, daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Da matar ta fara, ni ma sai da na tsaya a gefen titi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka da ruwan rahama. Amin.