Yatsa Biyu da Tsinken Ashana

Duk wanda ya taɓa tura babur zuwa layin makanikai ya san Yatsa Biyu. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake gwada kuloci: yatsu biyu na hannun hagu zai ɗora a kan hannun kulocin, ya ja, ya saki, ya kau da kai gefe kamar mai sauraren gulma. Idan ya ce ya yi, to ya yi. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki a rumfa ɗaya, tsakanin mai faci da mai walda, har bencin da yake zama ya lotsa daidai mazauninsa.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa masu gaggawa ke ɓata shi. Sai ya zare wayar kuloci daga rigarta, ya duba ko silinta ya fara tsinkewa, ya rataye ta a ƙusa ya ɗiga mata mai har ya fito ta ƙasa. In ya mayar, ya sassauta notin da ke gindin hannun, ya yi ta murza abin ɗaurin a hankali har hannun ya sami ɗan wasa kafin ya kama. Wannan ɗan wasan shi ne komai. In ya yi yawa, giya ta ƙi shiga. In babu shi sam, kuloci ya riƙa zamewa har faifansa ya ƙone. Wasu makanikan kan soka tsinken ashana a tsagar gindin hannun don su auna, shi kuwa ba abin da yake rainawa irin wannan.

“Mai auna kuloci da ashana ya koma sayar da sigari,” haka yake cewa, layi ya ɗauki dariya.

Bakinsa ba shi da linzami, gaskiya, amma ana haƙuri da shi saboda hannun. Ƙaninsa da ake kira Auta ya fi kowa shan wannan bakin. Yatsa Biyu ne ya koya masa aiki, kuma har Auta ya yi furfura a gemu, ya aurar da ’ya, bai wuce “kai, miƙo sifana” ba a wurin yayansa.

Ciwon suga ne ya shigo wa Yatsa Biyu ta yatsu. Da farko kamar tafiyar kiyashi, daga baya kamar ya sa safar hannu mai kauri. Matarsa ta ga kofin shayi na suɓuce masa, ta yi magana, ya ce ta ji da kicin ɗinta. Bai gaya wa kowa ba, har kansa ma bai gaya wa ba. Abin da ya lura da shi kawai, kulocin zamani duk sun zama sakwa-sakwa, sai ya murza ya murza kafin ya ji sun kama. Ya ɗora laifin a kan masu ƙera waya, ya zage su tas.

A wannan lokacin ne Auta ya tsiro da wata ɗabi’a. Da Yaya ya gama ya ce ya yi, sai ya miƙe ya karkaɗe wando.

“Yaya, bari in ɗan zagaya da shi.”

Ya hau ya bi ta bayan layi, minti biyar ya dawo ya miƙa wa mai babur makulli. Yatsa Biyu ya ɗauka son yawo ne, har yana yi masa tsiya wai tsufa ya zo masa da ƙuruciya. Masu babura kuma suka ci gaba da yabo, wane hannu, wane hannu, shi kuma yana karɓa yana gyara zama.

Sai matar Auta ta kwanta asibiti, aka yi mata aiki, ya yi mako guda bai leƙo rumfa ba. Ranar Litinin wani mai kai ƙanƙara shaguna ya kawo babur ɗinsa, waya ta tsinke. Yatsa Biyu ya sa sabuwa, ya ɗaure, ya ja da yatsu biyu, ya ce ya yi. Mai ƙanƙara ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Baba, Auta fa? Ba zai zagaya da shi ba?”

“Auta ne ya koya mini aiki? Hau ka ba ni wuri.”

Ranar Alhamis da azahar ya dawo yana turawa, gumi har cikin ido, buhunan ƙanƙara na zubar da ruwa a bayansa tun daga bakin titi. A kan hawan gada babur ya yi ta kuka ba ya gaba, ga ƙaurin ƙuna. Ya jingine shi a gaban rumfa, kuma zafin rana da na asara suka buɗe masa baki.

“Baba, ka cuce ni! Ai na ce a jira Auta. Kowa a layin nan ya san kai kake ɗaurewa, shi yake kwancewa a bayan shagon mai walda. Don girmanka muke kawo maka, wallahi, ba don aikin ba.”

Mai walda ya kashe injinsa. Mai faci ya sunkuyar da kai cikin bahon ruwansa yana neman hujin da ya riga ya gano. Yatsa Biyu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce ƙarya ne. Ya tashi ya je wurin mai shayi ya ari ashana, ya zaro tsinke, ya kai tsagar hannun kulocin. Ko kan tsinken bai shiga ba. Wayar a ɗaure take tamau.

Da Auta ya dawo ranar Asabar ya tarar labari ya riga shi. Ya tsuguna gefen benci.

“Tun yaushe?” in ji Yaya.

“Shekara biyu ke nan, Yaya.”

“Shekara biyu ina zaune ana yi mini tafi kamar mahaukaci.”

“Na ji nauyinka ne. Ta ina zan fara? Kai da ko sifana na miƙo ba daidai ba sai na ji a jikina.”

“Da ka faɗa, da na zage ka, da na yi kwana uku ba na kula ka. Sannan in sayi ashana.” Ya ɗaga hannun ya dube shi. “Yatsu ne suka mutu, Auta, idona na gani. Tsinke ɗaya ya ishe ni. Kai kuwa ka bi gari kana nuna wa kowa, ni kaɗai ka ɓoye wa.”

Auta ya yi hawaye, kuma da gaske yake. Sai dai ni ban ga abin da hawayen ya gyara ba. Tausayi ne ya yi, na yarda, amma irin tausayin da ya fi sauƙi ga mai yin sa.

Yatsa Biyu bai bar rumfa ba, ina za shi? Yanzu kwalin ashana na aljihun gabansa. Yana soka tsinke, yana murzawa, yana duba da ido, kuma aikinsa ya dawo daidai, ko gashi ba ya kuskurewa. Auta da kansa ya rantse a gaban mutane cewa rabonsa da taɓa notin Yaya tun ranar. Layi ya gyaɗa kai, aka ce madalla.

Jiya wani malamin makaranta ya kawo nasa. Tsohon ya gyara, ya auna sau biyu, ya ce ya yi. Malamin ya yi godiya har da rusunawa, ya karɓi makulli, sannan ya juya ya miƙa wa Auta, murya ƙasa-ƙasa.

“Don Allah ɗan zagaya da shi.”