Bencin Gwaggo Azumi

Sau nawa ka miƙa wa wani wayarka jiya? Gwaggo Azumi, yayar babana, sau goma sha huɗu ta miƙa tata daga safe zuwa azahar. Ni na ƙirga.

Shekararta ashirin da shida tana sayar da atamfa a Kasuwar Muda Lawal. Tabarau uku gare ta, duka a gida suke kwana, a gida suke wuni. In saƙo ya shigo, sai ta miƙa wa na kusa: "Duba min."

Mu huɗu ne a wani ɗaki a Yelwa, muna sake fasalin wata manhajar tsaron kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet. Nawa aikin shi ne fuskar manhajar, wato abin da ido ke gani, yatsa ke taɓawa. Ɗan Gwaggo, Mahfuz, ta kirifto yake turo mata kuɗi daga waje, shi ya sa na zaɓe ta don gwajin farko. Asusunta na kirifto yana da kalmomin sirri goma sha biyu. Duk wanda ya gan su, asusun ya zama nasa.

Na zauna a rumfarta da littafina. A miƙawa ta tara, yatsanta ya zame kan maɓallin da ni da kaina na ɗora a shafin farko. Kalmomin suka bayyana, ita kuwa ta riga ta miƙa wa Ifeyinwa, maƙwabciyarta mai sayar da zare.

Ifeyinwa ta kife wayar a cinya. "Hajiya, wannan ba na dubawa ba ne."

"Shekara goma sha tara kina duba min, yau za ki fara kunya?"

Da na yi mata bayani, ta harare ni. "To ke Zakiyya, da iliminki kika ajiye mukulli a kan tebur?"

"Gwaggo, daina miƙa wayar za ki yi."

"In daina? Ke za ki bar aikinki ki zo ki riƙa karanta min?"

Aka kira azahar. Ta tashi, ta ja bencinta ta gitta a bakin rumfa, ta tafi salla. Minti ashirin da biyu, mutum talatin da ɗaya suka wuce. Suna ganin kaya, suna tambayar Ifeyinwa farashi, amma ba wanda ya tsallake bencin.

Kwana tara na yi ina gyara. Na mayar da kalmomin can ciki, ba sa fitowa sai da zanen yatsanta, ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙen da take gani ba tabarau. A shafin farko na sa babban maɓalli mai hoton benci. In ta danna, kowa na iya karanta mata saƙo, amma ba a tura kuɗi, ba a ganin sirri.

Ranar gwaji ta biyu ta miƙa wayar sau goma sha ɗaya, ta gitta benci sau goma sha ɗaya.

"Bencin naki ya cika kyau," in ji ta. "Nawa ƙafarsa ɗaya gajera ce."

Na gajarta masa ƙafa ɗaya.

Gobe ka gwada: ka zauna kusa da mahaifiyarka ko gwaggonka, ka ƙirga hannu nawa wayarta za ta shiga, sannan ka duba abin da ke buɗe a cikinta.