Magen da Ba Ta Yi Azumi Ba

Bu Wartinah shekarunta sittin da uku, mijinta ya rasu, tana soya ayaba a bakin kasuwar kifi a birnin Semarang. Ribar ranar Juma'a ba ta taɓa ta, ta magunan kasuwa ce. Da ita take biyan rabin kuɗin aikin hana su haihuwa, wata ƙungiyar mata ta cika sauran, likitan dabbobi ya yi aikin sau ɗaya a wata.

Gwiwoyinta sun gaji. Ƙungiyar ma ta gaji, ta sanar cewa bayan aikin wannan watan za ta janye hannu. Saura mage ɗaya da ta gagari Bu Wartinah, Belang, wadda yawancin 'ya'yan magunan da ake tsinta matattu a kwata nata ne. Ta daɗe tana bin ta da keji. Ana gobe aiki Belang ta shiga.

Ba a ba mage abinci kafin allurar barci, don kada ta yi amai ta shaƙe. Ɗakin Bu Wartinah na haya ne, mai gidan kuma ba ya shiri da maguna, sai ta bar kejin a rumfar Pak Darmaji mai kifi, ta ja masa kunne sosai. Da safe ta tarar da ƙayar kifi a cikin kejin.

"Kai tsohon nan, me na ce maka jiya?"

"Kuka take ta yi, Bu. Ga kifi a gabanta, in kulle baiwar Allah da yunwa? Kan kifi ɗaya ne fa."

"To, ka kyauta. Sai ka fara shirin suna."

Duk da haka ta hau babur da kejin har asibitin. Likitan ya ji zancen kifin, ya ba ta haƙuri, ya sa wata magen a gurbin. Ya faɗi cikakken kuɗin aikin in za ta dawo washegari. Ta yi godiya kawai, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kejinta. A bayan kasuwa ta buɗe shi.

Belang ta haifi huɗu a farkon damina, ruwa ya ci biyu. Shekaranjiya Bu Wartinah ta sa biyun da suka rage a kwali, ta tura shi ƙarƙashin teburin Pak Darmaji. Ta koma ta hura wuta.