Addu'ar Hedimasta a Bakin Ƙofar Aji

Jiya a majalisarmu ta Ƙaura ana musu kan malaman gwamnati masu wa'azi a aji, sai na tuna marigayi hedimastanmu. Na shiga makarantun Yamai da Alƙahira, ban ga mai ɗabi'arsa ba. A bakin ƙofa yake tsayawa, yatsunsa fari fat da alli, ya yi addu'a a ɓoye, sannan ya shiga.

Ina sabon malami na ce masa, "Baba, mutane na cewa kunyar addininka kake ji."

Ya murmusa. "Ɗana, akwai ɗiyan Kiristoci ma'aikatan reluwe ciki. In na ɗaga hannu za su ɗaga, amma don tsoron bulalata, ba don Allah ba."

Allah Ya kwantar masa da hankali a kabarinsa, yadda ya kwantar wa yaran nan.